Rasuwar Kyaftin Saleh Othman Al-Hausawi, Matuƙin Jirgin Sojan Ruwa

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Zauren Injiniyoyi Hausawa Mazauna Jidda, ƙarƙashin jagorancin Shugabansa, Injiniya Alhaji Hashim Muntaka, ya samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayen Zauren, Kyaftin Injiniya Saleh Othman Al-Hausawi (mai ritaya), wanda Allah ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi a wani asibiti da ke unguwar Aziziyya, bayan jinyar ciwon zuciya. An yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa.

Marigayin haifaffen unguwar Bani Malik ne, jikan alhazan da suka zo daga Katsina suka zauna. Ya shiga aikin sojan ruwa yana saurayi, ya zama matuƙin jirgi mai saukar ungulu, irin wanda ke tashi daga kan jirgin ruwan yaƙi, kuma ya daɗe yana sintiri da aikin ceto a kan Bahar Maliya. Yana tsakiyar ƙarfinsa likitoci suka hana shi tashi saboda lalurar ido. Abokan aikinsa sun shaida cewa abin da ya faɗa ranar bai wuce wannan ba: "Halas, shi ke nan, tashi ya ƙare mini, sai in koma makaranta." Ya koma ɗin, ya zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannensa har ya fito injiniya.

Bayan ritaya ya shiga wani kamfani na cikin gida, cikin ayarin da ke ƙoƙarin ƙera makami mai linzami na tarwatsa jiragen ruwa, wanda ake harbawa daga jirgin sama. Aikinsa shi ne daidaita makamin da jirgin da zai ɗauke shi, domin kada harbin ya jefa matuƙi cikin haɗari. Gwajin farko bai yi nasara ba, wasu suka bar ayarin, shi kuwa ya zauna. Ya rasu ana shirin gwaji na gaba.

Zauren yana jan hankalin jama'a cewa labarin da ke yawo a wayoyi, wai marigayin ya rasu ne a fashewar makami, ba gaskiya ba ne. Ya cika a gadon asibiti, a gaban ɗansa Mohannad. Muna roƙon a daina yaɗa shi, domin ya riga ya kai kunnen iyalinsa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, Hajiya Bara'atu, da 'ya'yansa Mohannad da Areej, da ɗaukacin dangi da abokan aiki. Allah ya jiƙansa, ya yafe kurakuransa, ya ba su haƙurin wannan rashi.

Za a karɓi gaisuwa a gidansu na Bani Malik tsakanin magariba da isha'i. Mahaifiyarsa, Hajiya Madina, tana nan da ranta cikin tsufa, kuma iyalan sun roƙi masu shiga wajenta su yi mata gaisuwa da Hausa. Jikokinta suna ji amma ba sa mayarwa, marigayin ne kaɗai ke hira da ita da harshen a gidan.

Sa hannu:
Alhaji Zaharadden Hashim Ɗanbatta
Sakataren Yaɗa Labarai
Zauren Injiniyoyi Hausawa Mazauna Jidda