Rabin Burodin Inna

Djougou, 9 ga Yuli, 2024

Yaya Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Alhaji Faruk da yara, uwa-uba Inna. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. In na kira ki a waya, kafin in kai ƙarshen magana kin ce kina da baƙi, kin kashe. Takarda kuwa sai dai ki yaga, kuma na san halinki, sai kin karanta kafin ki yaga.

Yaya, me ya sa kika dawo da kayan da na aika wa Inna? Garin dawar ƙauyen Onklou ne, ni na wanke na shanya da hannuna, ga wasa-wasa, ga kuka da daddawa. Ladan direba ya dire mini buhun a ƙofar gida, ko ɗaurin ba a kwance ba. Wai kin ce Inna ta daina cin irin wannan. Na ce masa anya ba wani gidan ya kai ba? Matar da tun da na buɗe ido nake ganinta da tuwon dawa?

Wata biyu ke nan da kika zo kika ɗauke ta, kika ce za ki kai ta a duba mata kumburin cikin nan. An duba? Me likita ya ce? Sukarinta fa, ana aunawa? A nan duk Litinin nake kai ta farmasi a soka mata yatsa. Jiya da kika ba ta wayar, muryarta can ƙasa-ƙasa. Na tambaye ta, ta ce lafiya lau, ina kuma jin numfashinki a kusa da ita.

Ga buhun nan na sake ba Ladan. Don Allah ki karɓa. Ki gaida Inna, ki ce Auta na kewarta.

Ƙanwarki,
Ruƙayya

Ladjifarani, Parakou, 14 ga Yuli, 2024

Zuwa ga ƙanwata Ruƙayya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, kuma ban yaga ba. Muna lafiya, ina fatan haka gare ki da maigidanki.

Zan yi miki bayani sau ɗaya, ki natsu. Akwai wani abu mai danƙo a cikin alkama da ake kira gulutan. Shi ke kumbura ciki, shi ke kawo kasala da ciwon gaɓoɓi. Wata madam ce a Cotonou take bayaninsa a waya, dubban mata na bin ta. Ni kaina shekara guda ke nan rabona da alkama, kuma duk wanda ya gan ni sai ya ce na koma yarinya.

Ciwon Inna ba wani abu ba ne illa rabin burodin nan da kike ba ta kullum safe da shayi, da taliya, da funkaso. Tun da an san dalili, ban ga amfanin in je in zaunar da tsohuwa a layin asibiti ba. Na sani dawa ba ta da gulutan. Amma injin niƙanku na unguwa kowa da abin da yake kai masa, wa ya san abin da aka niƙa kafin naki? Saboda haka ba na ba ta komai sai wanda ya zo a rufe, an rubuta masa sans gluten, wato babu gulutan. Biskit na garin shinkafa, burodin tafiyoka na garin rogo, da garin kunu na gwangwani, duk daga Cotonou ake kawo mini. Ƙwayoyinta na sukari kuwa tana sha, ba ni da bukatar a tuna mini.

Ga abin da zai kwantar miki da hankali. Wata biyu, ko sau ɗaya Inna ba ta ce mini wani abu na damunta ba. Duk kwanon da na ajiye mata sai ta cinye tas.

Buhun na ba masu gadi, sun gode. Ki gaida mutanen gida.

Yayarki,
Hajiya Lubabatu

Djougou, 2 ga Agusta, 2024

Yaya Luba,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Alhaji.

Wai Inna ba ta ce miki komai ba! Yaya, ke fa 'yar fari ce. Shekararki arba'in da shida a duniya, kin taɓa jin ta kama sunanki? In za ta yi zancenki sai dai ta ce "mutanen Parakou". In kin shigo ɗaki ta kau da kai, in kin gaishe ta ta amsa tana kallon tabarma. Wannan matar ce za ta ɗaga ido ta dube ki ta ce cikinta a ɗaure yake? Wallahi ko wuta kika zuba mata a kwano, kunyarki ba za ta bar ta ta ce da zafi ba. Ke da kika yi boko har kika manta wannan?

To ni ta gaya mini. Ranar Laraba da Ladan ya biya ta gidanki, kina kasuwar Guéma, ta yafito shi. Ta ce ya gaya wa Auta sai ta yi kwana biyar ba ta zaga ba, in ta miƙe jiri na ɗibarta, ƙishirwa kuma ba ta barinta. Ya ce ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Ya ce ƙafarta ta hagu a naɗe take da tsumma, wai tuntuɓe ta yi da dokin ƙofa, sati uku ke nan.

Ta ba shi fankon biskit ɗinki guda. Na kai wa mai farmasinmu ya karanta mini bayansa: garin shinkafa, sitaci, sukari, mai. Ya tambaye ni wa ke cin wannan, na ce tsohuwa mai ciwon sukari, safe da rana da dare. Sai ya cire tabarau ya dube ni.

Rabin burodi ne fa, Yaya. Duk alkamar da ke rayuwar Inna ke nan, sai funkaso ranar suna. Don ki raba ta da rabin burodi kika raba ta da dawa da wake da ganye, da duk abin da ya riƙe ta shekara saba'in.

Ki kai ta a yi mata analiz, wato gwajin jini, a duba ƙafar nan, gobe ba jibi ba. In ba za ki iya ba ki sa ta a mota, ni zan iya.

Ki gaishe ta.

Ruƙayya

Ladjifarani, 6 ga Agusta, 2024

Ruƙayya,

Amin wa alaikis salam.

Ashe har 'yan leƙen asiri kike aiko mini gida. Ki gaya wa Ladan daga yau iyakarsa bakin get.

Ramar da ya gani jiki ne ke fitar da dattin shekaru, madam ɗin ta ce haka ake yi a watannin farko. Ƙafa kuwa na tambaye ta da kaina, ta ce ta warke.

Kin ce na manta ni 'yar fari ce. Ni kuwa zan manta? Ina da shekara biyu aka yaye ni aka miƙa wa Goggo Zali, aka sa ni a motar Parakou. Ke kika kwana a bayanta, ke ta yi wa kitso, ke take kira da suna har da na wasa. Ni in na zo hutu sai dai a turo mini tuwo ta hannun wani. Shekara talatin da takwas tana hannunki, ban ce miki komai ba. Wata uku kacal na samu ina dafa mata da hannuna, ina zama ina kallo tana ci, shi ne ya tsone miki ido.

A hannunki ciwon ya same ta, a hannuna za ta warke, in sha Allahu. Kada ki zo ki tayar mini da hankalin gida. In lokacin dawowarta ya yi, ni zan kawo ta.

Ki huta lafiya.

Hajiya Lubabatu

Djougou, 19 ga Satumba, 2024

Yaya,

Salamu alaikum. Mun iso gida lafiya shekaranjiya. Ladan da maigidana suka ɗauko ta daga mota zuwa ɗaki.

A asibiti ban yi miki magana ba, don in na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba zai yi kyau a gaban Alhaji ba. Kin tsaya a baranda kin ƙi shiga wajen likita. To ga abin da kika ƙi ji, a rubuce.

Da farko laifina. Takardarki ta ba ni haushi, na yi zuciya, na ce bari in bar ki da ita ki gani. Sati uku na zauna ina fushi. Wannan sati ukun zan ɗauke shi har kabarina, ban ɗora miki shi ba.

Ranar da na zo ba sanarwa, kin tuna, kina falo kina jera kwalayen da aka kawo. Na wuce ki na shiga ɗakinta. Tun daga ƙofa na ji warin, ta kunna turaren wuta don ta rufe shi. Na durƙusa na kwance tsumman. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin, Yaya. Kina kai mata kwano sau uku a rana, ba ki taɓa cewa ta buɗe ki gani ba. Kin tambaya, ta ce ta warke, kin ji daɗin amsar kin fita.

Likita ya ce sukarinta ya hau inda ƙwayoyin ba sa iya riƙe shi, don abin da take ci kusan duk sitaci ne tsantsa, yana shiga ya zama sukari. Ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, shi ne jirin. Ya tambaye ni wane likita ne ya hana ta alkama. Na ce waya ce. Ya ce akwai masu cutar da alkama ke yi wa illa da gaske, amma sai an gwada ake sani, kuma su ma ana tsara musu abin da zai maye gurbinta. Ya duba fankon ƙwayoyinta, ya ce ba mamaki su ne ke kumbura mata ciki tun farko, da an zo da an canza mata wasu. Abin da zai ɗauki rabin yini ke nan a layin da kika raina.

Sun yi ƙoƙarin tsayawa a yatsu, abin ya riga ya haura. Kin san inda suka yanke, ƙasan gwiwa.

Ana gobe za a sallame mu, ina goge mata jiki, na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, don Allah me ya sa kika yi ta ci? Me ya sa ba ki ture kwanon ba?"

Sai ta ce, "Tun da aka ɗauke ta ban taɓa ba ta loma da hannuna ba. Yau ita ta kawo mini, in ce ba na so?"

Na so in ɓoye miki wannan, don na san zai yi miki daɗi ta wani gefen, ni kuwa ba na son ki ji daɗin komai yanzu. Amma maganarki ce, ba tawa ba.

Ki gaida yara.

Ruƙayya

Ladjifarani, 28 ga Satumba, 2024

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Inna? Yaya kuke fama?

Na karanta. Na fara amsa sau huɗu ina yagawa. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Warin nan na ji shi, Ruƙayya. Na ji, na ce wa kaina damina ce ta sa ɗakin ya yi gumi. Ina tsoron in buɗe in ga ke ce mai gaskiya.

Na aika wa madam ɗin saƙo na gaya mata abin da ya faru. Ta amsa da cewa ita ba likita ba ce, kuma ta rubuta haka a ƙasan kowane bidiyo. Na koma na duba, da gaske ta rubuta, da ƙananan baƙaƙe.

Na roƙi Ladan ya shigo, ya ƙi, a bakin get ya karɓi kayan. Ga akwatinta nan, da carbinta, da butarta, da takalmanta. Na sa burodi guda biyar masu zafi, na gidan da ta taɓa yabawa da muka wuce a mota. Ki ba ta da shayi.

Ina so in zo, amma ban san da wane ido zan shiga ɗakin ba. Abu ɗaya nake roƙo ki gaya mini, kada ki rage kada ki ƙara. Ta tambaye ni?

Yayarki,
Luba

Djougou, 1 ga Oktoba, 2024

Yaya,

Wa alaikis salam. Kaya sun iso.

Burodin na raba wa maƙwabta. Yanzu likita ne da kansa ya hana ta, sai sukarin ya sauka.

Kin tambaya ko ta tambaye ki. Da na buɗe akwatin a gabanta, ta ce a gaya wa mutanen Parakou an gode, kada su sa komai a rai. Ban rage ba, ban ƙara ba. In kina son fiye da haka, motar Ladan na tashi kullum da hantsi.

Ga takalmin hagu nan na mayar miki a leda. Na dama ya ishe mu.

Ƙanwarki,
Ruƙayya