Na Zaci Ciki Ne, Ashe Al'ada Ce Ke Sallama

Yaya, don girman Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Ko wannan wasiƙar a tsaye nake rubuta ta, don na kasa zama wuri ɗaya.

Ni mai karanta labarai ce a gidan rediyo. Shekarata arba'in da takwas, 'ya'yana uku, babbar tana ɗakinta, autar tana shirin shiga jami'a. Watannin baya al'adata ta fara yi mini wasan ɓuya, wannan watan ta zo, wancan ta ƙi, daga nan ta ɗauke ɗif. Ga kasala, ga tashin zuciya. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa, amma a raina na riga na yanke cewa ciki ne. Kada ki yi mini dariya, Yaya, har suna na zaɓa. Rannan na tsaya a shagon kayan jarirai ina juya wasu 'yan safa a hannu, mai shagon ta tambaye ni ko na jika ne, na ce mata e, na ajiye na fita.

Da na je asibiti likita ta yi gwaji, ta ce babu ciki, jikina ne ya kama hanyar daina haila. Ta faɗe shi kai tsaye, ko a jikinta. Na fito na zauna a mota na yi ta kuka, har mai gadi ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambaya ko rasuwa aka yi mini. Abin mamakin, ba wai neman haihuwa nake ba, ni da na sha cewa na gama. Amma daban ne mutum ya rufe ƙofa da hannunsa, daban ne a rufe masa ita.

Da na gaya wa maigidana sai ya fashe da dariya, wai ashe saura ƙiris ya yi reno da furfura. Tun daga ranar yake kirana Tsohuwa. Shi dama mutum ne mai barkwanci, ba mugun nufi a ransa, amma duk lokacin da ya faɗa sai in ji kamar ya watsa mini garwashi. Yanzu komai nasa haushi yake ba ni, har ƙarar cokalinsa a kofin shayi. Shekaranjiya na daka wa autata tsawa don kawai ta bar man goge baki a buɗe. Yarinyar ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba.

Sai kuma zafin nan. Ina zaune lafiya lau sai in ji ya taso daga ƙirji, ya haye wuya, ya mamaye fuska, gumi ya keto har cikin ɗankwali. A situdiyo ba a kunna fanka don makirufo na ɗauko ƙararta, ɗakin ba taga, bangon duk soso. Makon jiya ina tsakiyar labaran rana ya taso mini. Gumi ya ɗiga a kan takarda, na ɗaga kai na goge, da na dawo na rasa layin da nake. Na same shi, ina ganin kalmar, bakina ya ƙi kama ta. Jar fitilar da ke nuna ana jina kai tsaye a kunne, mai haɗa sauti yana ta yi mini alama ta bayan gilashi, ni kuwa tsit, sai da ya saki kiɗa ya rufa mini asiri. Ni da ake ba da misali da ni a gidan nan!

Washegari shugaban sashenmu ya kira ni ofis. Cikin ladabi ya tambaye ni ko zan so in koma horar da sababbin ma'aikata, in rage karanta labarai, wai dama ya daɗe da wannan tunanin. Ban yarda ba. Gani nake so ake a jingine ni a lungu kamar tsohon rikoda. Ban faɗa masa abin da ke damuna ba. Ta ina zan fara? Namiji ne, kuma ƙanen bayana ne.

Mahaifiyarmu ba ta taɓa yi mana wannan zancen ba har ta koma ga Allah. Yayata ta jini da na tuntuɓa cewa ta yi in yi haƙuri, girma ne ya zo. Shi ke nan amsar? Na sauya wa kujerun falo wuri har sun gaji da ni, na zazzage sif na sake jerawa, barci ba ya isata. Zuciyata tana ce mini in ajiye aikin tun da sauran mutuncina. To in ajiye in yi me a gida? Yaya, na ƙare ke nan? Yaya zan yi in daina kallon kaina kamar gidan da aka kwashe wa kaya?

Taki,
Mai Murya

Ƙanwata Mai Murya,

Ja kujera ki zauna tukuna. Ba ki ƙare ba. Wannan ba cuta ba ce, mataki ne da duk macen da Allah ya ja kwananta za ta taka. Ni ma na taka shi, lokacin har a cikin firij na taɓa tsintar tabarau ɗina. Zafin, mantuwar, saurin fushin, duk daga sauyin sinadaran jiki suke, kuma ga yawancin mata suna lafawa. Kukan da kika yi ba wauta ba ne. Ba zan ce ki tashi ki yi guɗa ba, wani abu ya wuce, kuma kina da ikon jin kewarsa.

Ki koma wurin likita, wannan karon ki zayyana mata komai, har abin da ya faru a situdiyo. Akwai magungunan da ke rage zafin da rashin barcin, ita za ta duba ko sun dace da ke. Ki sani kuma, kafin a cika shekara ba a ga jini ba, ciki na iya shiga, in kuwa jini ya dawo bayan shekara, kada ki zauna da shi a gida. Ki koma tufafin auduga marasa nauyi, ki rage shayi mai kauri da yaji, ki shiga situdiyo da ruwan sanyi da hankici, ki sa a buga miki labarai da manyan haruffa. Ƙarfin da kike ƙararwa a kan kujerun falo, ki kai shi titi ki yi tattaki, ƙashinki ma zai gode miki.

Kada ki ajiye aiki a cikin wannan hali. Mai yiwuwa shugabanki ya tsorata da abin da ya gani, mai yiwuwa kuma gaskiya ya faɗa, don ba a ba wa maras gwaninta horar da wasu. Ba sai kin kwance masa komai ba. Ki ce lalura ce mai wucewa, kina ganin likita, sannan ki nemi duka biyun: ki riƙe labaranki, ki karɓi horarwar.

Maigidanki ya yi kuskure, amma bai san ya taka miki gyambo ba tunda ba ki nuna masa ba. Ki same shi lokacin da ranki ke sanyi, ki ce sunan nan yana yi miki ciwo. Autarki kuwa ki ba ta haƙuri, sannan ki zaunar da ita da yayarta ki faɗa musu abin da ke ba a faɗa miki ba.

Ki duba kuma abin da ke tafe: ba ciwon mara, ba lissafin kwanaki, ba fargabar tabon jini a zani a gidan mutane. Na san mata da yawa da sai bayan nan suka san daɗin jikinsu, bakinsu ya buɗe, suka daina neman izinin kowa kafin su zama kansu. Ki nemi tsararrakinki a wurin aiki ki ɗan taɓo zancen. Za ki sha mamakin yawan masu fifita da fayil suna cewa gari ne ya yi zafi.

Allah ya ba ki lafiya da natsuwa, ya sa shekarun da ke gabanki su fi na baya albarka.

Yayarki