Ka Kai Ni Yamai, Na Dawo Ni Kaɗai

Zuwa ga maigidana, Baban Habsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata wannan wasiƙa ta same ka lafiya, in har kana inda wasiƙa ke samun mutum. Ni ce matarka Barira, daga Hawandawaki. Ban san inda zan aika maka da ita ba, shi ya sa na rubuta ta a nan inda kowa ke karantawa, ko Allah zai sa ta faɗa idon wanda ya san ka. Ka gafarce ni da fitar da zancen cikin ɗaki a gaban jama'a. Sauran hanyoyin duka mun bi su, ba su kai mu gare ka ba.

Ɗari ya sake shigowa. Yara sun fara hura wuta a tsakar gida da safe kafin su tafi lakwal, wato makarantar boko, ruwan randa kuma ba ya taɓuwa sai rana ta ɗaga. A irin wannan lokaci ne ka kai ni Yamai.

Ka tuna shekarar. Ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba, abin da ya rage tsutsa ta bi shi. Damman da muka ɗaure ko rabin rumbu ba su kai ba. Kowa a garin yana lissafin watan da hatsinsa zai ƙare, kai kuwa sai ka dawo daga kasuwar Tasawa da fara'a, ka ce in wanke kayana na fita biki, za ka kai ni babban birni mu sha iska. Na yi dariya, don na ɗauka wasa kake. Inna, mahaifiyarka, ta ce ba ta taɓa jin manomi ya bar rumbu wayam ya tafi yawon buɗe ido ba. Ka ce mata tun da aka kawo ni gidan nan ban wuce Maradi ba, shi ma don likita ne, ranar da Habsu ta ƙi fitowa duniya.

Kafin tafiyar ka yi ta aiki kamar wanda ake kora. Ka sake wa ɗakin Inna jinka, ka gyara dangar baya, ka tara mana itace har ya yi tudu. Sanmu da ke jan amalanke ka ce ka kai shi kiwo wajen abokinka Bafillace a garin Alasan Mairairai. Ban tambaya ba. Murna ta rufe mini ido.

Da sassafe wanka Isuhu ya ɗauke mu a amalanken jaki muka bi rairayi, sanyi na yanka kunne. Ka cire rawaninka ka lulluɓa mini a kan mayafi. A Tasawa muka shiga kar, babbar motar fasinja, ka ba ni wajen taga. Duk garin da muka wuce sai ka faɗa mini sunansa, Konni, Dogonduci, Doso, kamar kai ka kafa su. Da muka kusa isa na hangi raƙuman dawa tsaye a gefen hanya suna cin ganyen itace, na damƙe hannunka ban sani ba, har wata tsohuwa da ke bayanmu ta ce amarya ce wannan? Ka ce mata eh, amarya ce mai 'ya'ya uku.

Masaukin da ka kama mana ƙaramin otal ne a wani lungu, amma yana da famfo a cikin ɗaki da ƙofa mai makulli. Tun da na yi wayo ban taɓa wayar gari ba tare da turmi ko guga na jirana ba. Ranar farko na farka na zauna a bakin gado, hannuna na neman aiki. Ka sayo shayi da burodi ka ajiye a gabana, ka ce mu ci a kwano ɗaya. Kunya ta hana ni. Ka ce nan ba Inna, ba maƙwabta, bango kaɗai ke kallonmu.

Ka kai ni bakin kogi. Ban taɓa tsammanin akwai ruwa mai yawan haka a ƙasarmu ba, ni da na girma ina leƙen ƙasan rijiya. A kan gada tsoro ya kama ni saboda motoci da ruwan da ke ƙasa, ka riƙe ni a gaban mutane, ba wanda ya ko waiwaye mu. Muka ci soyayyen kifi da yaji a wajen wata mata da ba ta jin Hausa sosai, ni kuma ba na jin Zabarmanci, muka yi ta yi wa juna dariya. Muka je gidan da ake ajiye namun daji, na ga zaki kwance, ramamme, bai ko ɗaga kai ba. Na ce maka tausayi ya ba ni. Ka daɗe kana kallonsa.

Akwai abubuwan da na gani ban karanta ba. Kowace safiya kakan fita kai kaɗai, ka ce za ka gaida 'yan garinmu da ke tasha. In ka dawo akan jima kafin fara'arka ta komo. A babbar kasuwa ka saya mini atamfa da rigar sanyi, ka saya wa yara takalma, kai kuma ka sayi manyan takalman roba da 'yar fitilar nan da ake ɗaurawa a goshi. Na tambaye ka ta mece ce, ka ce ta ban ruwa ce, kana so ka fara lambu.

Ka san abin da ya sa na yarda. Tun ranar da aka kawo mana labarin ƙanena Sule, da ramin zinari ya rufta da shi, na ce maka ka tafi cin rani duk inda kake so, Kano ko Legas ko Abijan, amma ban da haƙar zinari. Ka yi mini alkawari a ɗakinmu. Ban taɓa kama ka da ƙarya ba, don haka ban nemi ƙarya a bakinka ba.

Ranar komawa muka je tasha da hantsi. Ka sa kayana a mota, ka samo mini wajen taga kamar zuwa, ka ajiye mini ruwa da dabino a cinya. Na matsa don ka zauna, sai na ga wani ɗan kasuwa ya zauna a wajen. Na dube ka. Tikiti ɗaya ne a hannunka, jakarka kuma tana rataye a kafaɗarka.

Ka zagayo ta taga. Abin da ka faɗa ina riƙe da shi kamar yanzu ka faɗe shi.

"Barira, hatsin nan ba zai kai mu bazara ba. Akwai aiki a Mali, zan yi wata kaɗan in dawo kafin shuka. Da a gida na faɗa miki, da ba zan iya fita ba."

Na ce ka maida ni gida tukuna, ka faɗa wa Inna da bakinka. Ka girgiza kai.

"Na so in ga kin huta, ko sau ɗaya, kafin in bar miki wahala."

Direba ya tada mota. Ban yi kuka da ƙarfi ba, don mutane. Na ga ka bi motar da sauri har bakin ƙofar tasha, sannan wata babbar mota ta shiga tsakaninmu. Ganina da kai ke nan.

Hanyar dawowa ban ga kome ba. A Hawandawaki ni na tsaya gaban Inna na faɗa mata. Ba ta zage ka ba, ba ta zage ni ba, ta dai tashi ta shiga ɗakin da ka yi wa sabuwar jinka ta rufe ƙofa. Daga baya Isuhu ya gano cewa sanmu ba kiwo ka kai shi ba, sayar da shi ka yi, da shi muka sha iskar Yamai, da shi ka yi guzuri.

Da farko kana kira a talhon Isuhu. Ka aiko da abin da ya sai mana hatsi, muka ga bazara, ba zan ɓoye wannan ba. Na faɗa maka ina da ciki, na ji ka yi hamdala da muryar da ban san ka da ita ba. Kiranka na ƙarshe ba wani zance a cikinsa. Ka tambayi tarin Inna, ka ce kada a bar akuya ta shiga gonar maƙwabta, kana cikin magana layi ya yanke. Na tsaya da talho a hannu ina jira ka sake kira.

Daga nan sai labarai. Wani ya ce rami ya rufta a wajenku. Wani ya ce masu bindiga sun zo sun kwashi mutane. Wani da ya dawo garin Maijirgi ya rantse ya gan ka a Aljeriya kana aikin gini, da Isuhu ya je ya titsiye shi sai ya ce wataƙila mai kama da kai ne. Isuhu ya sayar da tumakinsa ya bi sawunka har inda mota ta daina zuwa. Ya dawo baƙi ƙirin, da ciwon ƙirji, ba tare da ko rigarka ba.

Ɗiya na haifa. Inna ta sa mata Rahila. Goshinka ne da ita, da yadda kake tafiya kana karkata kafaɗa. Bana aka rubuta ta a lakwal. Habsu ta zama budurwa, ita ke kama mini daka. Yaran ba su cika tambayarka ba yanzu, kuma wannan ya fi tambayar ciwo.

Akwai abin da dole in sanar da kai, ban so ya zama a rubuce ba. Inna ta rasu a damina, bayan rashin lafiya ta ɗan lokaci. Ni na riƙe ta har ta cika. Ta ce in ka dawo in faɗa maka ta yafe maka, kuma kada in yi maka faɗa a gaban yara. Allah ya jiƙanta.

Mata a bakin rijiya suna ce mini tafiyar nan tamu yaudara ce kawai, in daina tuna ta. Na yi ƙoƙari, Baban Habsu. Na yi fushi da kai shekara da shekaru, har na naɗe atamfar nan na jefa ƙasan akwati. Amma ƙarya zan yi in na ce kwanakin nan ba su ne mafi daɗi da na taɓa gani ba. Ka karya alkawari, kuma ka so ni, duka biyun a cikin sati guda, na kasa raba su. Ni ma na yafe maka. Da ka tambaye ni, da na zaɓi mu ci tafasa da dusa tare har ruwa ya sauka, amma ba ka tambaye ni ba.

Ga dalilin wasiƙar. Tun shekarun baya mahaifina da Isuhu suka kai maganarmu gaban alƙali a Tasawa, ya yanka wa'adin da shari'a ke yanka wa matar da mijinta ya ɓata. Wa'adin zai cika da fitar wannan ɗari. In ba a ji ɗuriyarka ba, zan shiga takaba, a yi maka sadaka, a raba gonarka. Ba wani nake so ba, kada ka zaci haka. Na gaji ne da zama ba matar aure ba, ba gwauruwa ba, kuma yara suna bukatar su san addu'ar da za su riƙa yi wa ubansu.

Bakina bai taɓa kiran sunanka ba, amma yau dole hannuna ya rubuta shi saboda masu karatu. Lawali. Dogo, baƙi, mai tabon lauje a hannun hagu. In wani ya karanta maka wannan, ko kana kurkuku, ko ba ka da lafiya, ko kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe ka, ka aiko da kalma ɗaya. Ba ma son zinari. Ko wata ka aura can, ka faɗa, zan iya ɗauka.

Ya Allah, in yana raye, Ka tsare shi, Ka suturta shi daga wannan sanyi, Ka juyo da fuskarsa gida. In kuwa Ka riga Ka karɓe shi, Ka sa ya cika da imani, Ka yalwata masa inda yake kwance, Ka saka wa duk wanda ya rufe shi da alheri, Ka haɗa shi da Inna. Mu kuma Ka ba mu haƙurin duk wanda ya tabbata a cikin biyun. Amin.

Ka huta lafiya, duk inda kake.

Matarka, har zuwa fitar wannan ɗari,
Barira, Hawandawaki.