Hannu Ɗaya a Sitiyari, Ɗaya a Kan Kek

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti da yara. Tunda kunnenka ya daina shiri da waya, dole na ɗauko biro. Kada ka firgita, ƙalau nake, ko ƙwarzane ban yi ba. Motata ce dai ta tashi daga aiki.

Ranar Talata na ɗauko kek mai hawa uku zan kai liyafar wata ɗaliba da ta gama karatu. A mararrabar da ke gaban kemis danja ta ba ni hannu, ina shiga sai wani mai ƙatuwar jif ya keto ja ya daki gefena. Yaya, da ya fito wayar tana hannunsa, ko saƙon bai gama rubutawa ba! Amma da muka je kamfanin inshora sai ya murje ido ya ce ni ce na keta. Matar da ke riƙe da fayil ɗinmu ta ce in babu shaida raba laifin za a yi biyu, rabin kuɗin mota kawai zan samu. Rabi ba zai saya mini komai ba, mai kek marar mota kuwa sai dai ta zauna ta cinye kayanta.

To, ga albishir! Ashe mai kemis yana da kyamara da ke kallon titi, ya ce in zo gobe ya zuba mini bidiyon. Wallahi sai da na taka rawa a shagon mutane! Har na fara taya wata sabuwar mota mai faɗin baya. Kai da ka yi shekara ashirin kana tantance irin wannan a inshora, gaya mini, ba cikakkiyar diyya zan karɓa ba?

Taka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, mun gode Allah da abin ya tsaya a kan ƙarfe. Antinki ta yi kuka, ta kuma ce a tambaye ki ko kek ɗin ya tsira.

Ki sassauta rawar tukuna. Ga yadda ake yi: laifi kashi ɗari ne, sai a duba kowa nawa ya ɗauka, a rage masa diyya gwargwadon nasa. Wanda ya keta ja yana latsa waya shi ne da babban kaso, wannan babu musu. Amma ba waya kaɗai ake kira shagala ba. Duk abin da ya ɗauke ido ko hannu daga tuƙi shagala ne, ko cin abinci, ko tsawata wa yara a baya.

Na taɓa zama a bayan motarki kina kai kek. Na ga yadda kike ajiye kwalin a kujerar gefe kina lallashinsa kamar jariri. Saboda haka tambaya ɗaya gare ni: ina hannuwanki suke lokacin da kika shiga mararrabar? Kyamara ba ta da ɗan'uwa. Ki kalli bidiyon tun daga farko kafin ki sayi mota da baki.

Wassalam,
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, don haushinka nake ji. Bakinka ba shi da kyau!

Na kalla sau tara. Bari in fara da mai daɗin: mutumin nan ya fito raɗau, kansa a sunkuye, babban yatsa yana ta aiki, ja ta kama shi ko birki bai taɓa ba. Ihu na yi har mai kemis ya zubar da ƙwayoyin da yake ƙirgawa!

Sai na mayar da shi baya kaɗan, murna ta koma ciki. Ga ni nan, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan kwali, fuskata gaba ɗaya tana wajen kek. Hawan sama ne ya fara zamewa lokacin da na tashi motar. Na ƙirga, daƙiƙa huɗu ban kalli titi ba. Huɗu kacal, Yaya! Shi fa wataƙila tun daga gidansu yake latse-latse.

Maƙwabcina mai ɗaukar hoto ya ce abu ne mai sauƙi, zai datse farkon, bidiyon ya fara daga inda jif ta shigo. Ai ba ƙarya zan yi ba, ko? Abin da ya rage duk gaskiya ne. Sati biyu ke nan ina kai kek a tasi, jiya direba ya faɗa rami, furannin da na wuni ina yi suka manne a murfin kwali. Kwastoma biyu sun gudu. Ina tsoron sana'ar nan ta mutu a hannuna, shi ya sa nake tambaya. Ka ce mini in datse.

Ki gaya wa Anti, wato ka gaya mata, kek bai tsira ba. Ka ga har rubutun ya rikice mini.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, kuma ba zan ce ba.

A kusurwar bidiyon akwai agogo yana tafiya. Abu na farko da na riƙa dubawa a wurin aiki ke nan. In suka ga an datse, za su je wajen mai kemis su karɓi na asali, daga nan ba maganar kaso ake yi ba, maganar zamba ce. Ko sisi ba za ki samu ba, mai jif kuma ya tafi yana dariya. Na rufe fayil irin wannan ya fi a ƙirga, wasu masu shi sun fi ki gaskiya.

Sannan ga wadda ba za ki so ji ba. Daƙiƙa huɗun nan sun isa ki hango shi ki taka birki. Da na karanta wasiƙarki sai da na ajiye ta na fita waje, don ƙofar direba ba ta da nisa da inda ya daka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki kai musu shi cikakke, ki faɗi naki da bakinki kafin su nuna miki.

Allah ya yi miki albarka.
Yayanki

*

Yayana na kaina,

Gaisuwa da babbar murya, yadda ko kai za ka ji! An gama!

Na kai shi cikakke. Na ce wa matar fayil, "Kafin ki kunna, ki sani za ki gan ni ina renon kek." Ta kalla, ta cire tabarau ta ce, "Ke ce ta farko a watan nan da ta kawo ƙarar kanta." Mai jif ya taso da surutu, aka tsayar da hoton daidai kan yatsansa, ya koma ya zauna. Kashi tamanin nasa, ashirin nawa.

Sabuwar motar ta fi ƙarfina, ashirin ɗin nan ya cinye ta. Na sayi wata tsohuwa mai tari da safe, amma da hanau gara mannau. Kafinta ya kafa mini akwati a can baya, inda ko na waiga ba zan hango komai ba.

Jiya na kai mai hawa huɗu. Yaya, a kowace kwana ina jin motsinsa a raina, hannuna har ƙaiƙayi yake, amma ban saki sitiyari ba. Ya isa a ɗan karkace. Na juya wancan gefen wajen bango, aka cinye shi tas, har mutum uku suka karɓi lambata.

Taka har kullum,
Auta