Farar Safa a Kan Rufin Mota

Asabar, 27 ga Afrilu

Ya zo. Tun da fitilar mararrabarmu ta mutu, duk Asabar shi ake turowa ya ba motoci hannu. Daga tagar ɗakinmu, saman shagon askin Baba, har maɓallan rigarsa ina gani. Baba ya ce irinsu 'yan sandan wucin gadi ne, kowa da sana'arsa, ƙarshen mako kawai suke sa kaki su taimaka. Ni dai ban yarda yana da wata sana'a ba. Na sa masa suna Mai Farar Safa. In ya ɗaga hannu, tirela ma sai ta durƙusa. Littafin soyayyar da na aro yana buɗe a cinyata tun safe, shafi ɗaya. Jarumin ciki ya tashi daga mai gemu ya koma mai farar safar hannu, ba da izinina ba.

Asabar, 4 ga Mayu



Wani saje mai tumbi, ɗan sanda na gaske, ya faka motarsa gaban kantin magani ya yafito shi. Ya fito da tukunyar gas daga bayan mota, ya nuna masa hanyar gidan mai. Mai Farar Safa ya nuna titi. Saje ya bugi ƙirjinsa, wato je ka, ni zan riƙe. Sai ya cire safar ya miƙa masa, ya saɓi tukunya ya tafi. Saje ya ɗora safar kan rufin mota, ya shige ya zauna yana latsa waya.

Ba kowa a tsakiyar titi. Har haushi na ji, wai an ɗauke min abin kallo. Allah ya yafe min.

Sai ƙara. Motar kaya da babur. Matar da ke bayan babur ɗin... takalminta ɗaya har ƙofar shagon Baba ya zo. Kafin mutane su gama taruwa motar saje ta sulale ta lungu, safar tana kan rufin har ta sha kwana. Shi kuwa ya dawo a guje, ya yar da tukunyar, ya durƙusa cikin jinin.

Lahadi, 5 ga Mayu

Ban ci komai ba. Mama ta ce zazzaɓi ne, na ce eh.

Talata, 7 ga Mayu

Matar tana raye, amma an ce ƙafar da wuya. Baba ya hawo da labarin shago muna cin abinci. Wai an dakatar da Mai Farar Safa, za a kai shi kotu, don ya bar wurin aikinsa ya tafi sayo wa gidansa gas. Saje kuma ya ce shi sintiri yake a wata unguwa, bai ko biyo ta nan ba.

Cokali ya faɗi daga hannuna.

Baba ya ce, "Ai su na wucin gadi haka suke, kamar rigar aro. In an ji sanyi a saka, in ta yage a ce ba tawa ba ce." Ya ce duk mai igiya a hannu aikensu yake, sayo kaza, ɗauko yara, kuma ba inda ake rubutawa. Mutanen shago sun ji ƙarar, sun ga ya dawo da tukunya. Farkon abin ba wanda ya gani. Wa ke kallon ɗan sanda alhali ba abin da ya faru?

Ni.

Kuma wai a gidan burodi yake aiki. Kuma yana da mata. Da tagwaye. Ban san wanne ya fi yi min ciwo ba, kuma ina jin kunyar ma da na tambayi kaina.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na bi Mama kicin zan faɗa mata. Na tsaya bayanta har ta juyo ta ce, "Ke kuma lafiya kika tsaya min a ka kamar bashi?" Na ce gishiri nake nema. Gishirin yana hannuna.

In na faɗa, tambayar farko ita ce me kike yi a taga.

Juma'a, 10 ga Mayu

Na faɗa. Kaina a ƙasa, da kwanon abinci na yi maganar.

Yaya ya ce, "To fa. Har bugun ƙirji kika gani? Har inda aka ajiye safa? Ashe karatun Asabar ɗin nan ba na littafi ba ne." Ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye ta. Na so ƙasa ta tsage.

Mama ta ce, "Wannan maganar ta mutu a ɗakin nan. Mu da ɗan sanda? Ana zaune ƙalau?"

Baba ya ƙarasa cin abincinsa. Sai da ya wanke hannu ya ce, "Uwata, kin tabbata?" Na ce eh. Ya ce in maimaita. Na maimaita, ban canza komai ba. Bai tambaye ni me nake yi a taga ba. Da ya tambaya ma da ya fi sauƙi.

Litinin, 13 ga Mayu

Saje ya zo aski. Shi da bai taɓa taka shagonmu ba. Yaya ne, bakinsa ba ya riƙe ruwa, ya faɗa wa abokinsa, abokin ya faɗa wa duniya.

Ina kan matakala na ji shi. "Maigida, an ce kana da 'ya mai ido. Allah ya raya. Amma yaran yanzu littattafan nan sun cika musu kai da mafarki." Sai ya yaba wurin, ya ce shago a bakin titi haka sai da mutane.

Baba ya ce, "Kar ka motsa, ranka ya daɗe, reza ce."

Da ya tafi Baba ya daɗe yana share wuri ɗaya.

Laraba, 15 ga Mayu

Mun je ofishinsu ni da Baba. Mama ba ta ce mana a dawo lafiya ba, amma ita ta goge min riga.

Mace ce ke kula da 'yan wucin gadin, ita kaɗai, a wani ɗan ɗaki kusa da banɗaki, fanka ba ta juyawa. Ta ce, "Kullum ina gaya musu kada su bar wuri sai an karɓe su a ƙa'ida. To amma mai burodi ya ce wa saje a'a? Faɗa min, 'yata, a hankali." Muryata kamar ta sauro. Ta sa na maimaita wurin safar. Ta daina rubutu ta dube ni. Ashe ba a ga safar cikin kayan da ya mayar ba, ya ce saje ya ba, aka ce ƙarya yake.

Mai Farar Safa yana zaune a benci da muka fito. Ba kaki. Gajere ne ashe. Da gari a girarsa, idonsa jawur. Baba ya nuna ni, ya miƙe ya ce, "Ƙanwata, Allah ya rufa miki asiri." Muryarsa ma ba irin wadda na ba shi ba ce.

Ban ji komai irin na littafi ba. Tausayi kawai.

Talata, 21 ga Mayu

Matar ofis ta zo da kanta. An tsayar da maganar kotu, amma ba a wanke shi ba. Manya sun ce sai na sake faɗa a gabansu, saje yana zaune yana kallona. In ba haka ba, maganar yarinya ce kawai.

Mama ta kama haɓa. Baba ya ce, "To, bari mu yi shawara tukuna..."

Na ce, "Wace rana ce?"

Duk suka juyo. Ni ma ban san daga ina maganar ta fito ba, kuma da ƙarfi ta fito. Wataƙila yunwa ce. Matar ta ce Alhamis ce, da safe. Na gaya wa Yaya shi zai kai wa malaminmu uzurina, tunda bakinsa ya iya yawo.