Ramin da Na Haƙa Kusa da Rijiyar Baba

Kiyako, ta Birnin Kudu.

Zuwa ga Yaya Sale a Fatakwal,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Inna da iyalinka suna gaishe ka. Da hannuna na rubuta wannan takarda, domin na gama ajin yaƙi da jahilci, sai dai ba abin alfahari ke cikinta ba.

Ka tuna shaddar siminti, wato masai, da na ce zan gina mana irin ta ma'aikata. Baba Audu mai haƙar rijiya ya murza ƙasar wurin a tafinsa, ya ce, "Malam Iro, wannan jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Kai ramin can wajen laka, nesa da rijiyar mahaifinku." Na ce masa ni da awo nake aiki, ba da yatsa ba. Ya ce, "To, Allah ya ba mai biro sa'a."

Da damina ta sauka, jaririyarka Hadiza ta kwanta, har leɓɓanta suka yi duhu. Alhamdu lillahi ta warke, amma duba-gari ya ce ƙazantar ramina ce ke tsatsafowa cikin rijiyar, ya sa an rufe ta. Yanzu Inna maƙwabta take zuwa roƙon ruwa.

Ka yafe mini, ka sa ni a addu'a. Ka gaida mutanenmu na can. Duk faɗan da za ka yi mini, rubuto shi, ni zan karanta da kaina.

Ƙaninka,
Iro