Ni Na Shafa Masa Ƙaiƙayin, Ni Kuma Na Ɓata Masa Suna

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki, ina gaishe da masu karanta wannan shafi. Don Allah kada a sa sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Rubutun sai haƙuri, daga aji biyu na sakandare na gudu. Maganar kuma ta ƙasan cibiya ce, a gafarce ni, babu yadda zan yi in faɗe ta ban ambaci wurin ba.

Shekarata ashirin da uku, ina Agege shekara uku ke nan, tun kafin sojoji su miƙa mulki. Na yi dako a kasuwar Mile 12, na yi wankin takalmi, na yi kwandastan motar haya, danfo, na sati biyar muka yi dambe da direba, yanzu okada nake ja. Ni dai ba na iya zama wuri ɗaya. Wanda ya riƙe ni tun ranar da na sauko daga motar tumatir shi ne abokina, bari in kira shi Hadi. Garinmu ɗaya, ya girme ni da shekara biyu, yana aiki a gidan burodi. Ɗakinmu ɗaya, katifarmu ɗaya, bokitinmu ɗaya. Yana neman wata yarinya haifaffiyar nan, 'yar wani Alhaji mai goro, har an kai gaisuwa an karɓa.

Gidan da muke haya ɗaki goma sha huɗu ne suna kallon juna, banɗaki ɗaya, igiyar shanya ɗaya a tsakar gida, kuma kullum matan gidan suna zaune a ƙarƙashinta, Yarbawa da Hausawa, suna gyaran ganye suna hira. To Anti, yaya namiji zai fito da kamfai a hannu ya shanya a saman kan matan mutane? Ni ban iya ba. Guda biyu gare ni, na gwanjo, masu santsin nan irin na 'yan ƙwallo. In na shiga wanka sai in wanke, in matse, in mayar jikina, in ɗora jins a kai in hau babur. Ko in rataya a ƙusa a bayan ƙofa, ɗakin da rana ba ta taɓa shiga ba. Ga damina, ga ruwan Ikko da ba ya jin magana, kujerar babur a jiƙe tun safe har magariba. Tawul kuma ba ni da shi, nawa an ɗauke a igiya tun bara. Sai na riƙa ɗaukar na Hadi in ya tafi aiki, in goge ko'ina, in mayar yadda ya ajiye. Bai sani ba.

Ƙaiƙayi ya fara mini a matsematsi. Da farko na ce zufa ce. Sai wurin ya yi duhu, ya yi da'ira, bakinsa ja, yana saɓa yana faɗi. In na ɗauki fasinja mace ina ji kamar in yi kuka, don ba halin in kai hannu. A sahun salla kuwa sai dai in cije. Wa zan faɗa wa? Na sayi ƙulli a wurin mai tallar magani a cikin mota, na shafa toka, na matsa lemon tsami. Wani mai maganin gargajiya a bakin titin jirgi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Saurayi, ina ka je?" Na ce wallahi ban taɓa sanin mace ba. Ya yi wata dariya ya ce, "To in ba ka je ba, wani ya je ya kawo maka."

Maganar nan ita ta shiga kaina ta zauna. Wa nake haɗa jiki da shi in ba Hadi ba? Sai na fara sa masa ido. Na ga ya rame. Na ji yana tari da safe. Ran nan na shigo da la'asar na tarar yana susa a daidai wurin da ni ma nake susa, yana ganina ya janye hannu ya ce, "Har ka dawo? Yau ba kasuwa ne?" Da ya fita masallaci na buɗe jakarsa, na ga wani man shafawa a nannaɗe cikin safa. Me ya sa zai ɓoye in ba shi da abin ɓoyewa? Lokacin kuma kullum rediyo maganar ƙanjamau take, rama, tari, ƙuraje, kada a haɗa reza. Mu kuwa reza ɗaya muke rabawa biyu ranar Juma'a, kuma akwai ranar da na ɗauki rabinsa na yi askin ƙasa da shi. Anti, hankalina ya tashi. Na fara tuna duk ranar da ya makara, duk ranar da ya sa turare ya ce wurin yarinyar za shi. Wa ya raka shi? 'Yan matan da ke zuwa sarin burodi fa, da yake musu Yarbanci suna dariya? Na daina cin abinci kwano ɗaya da shi, na ce cikina ne. Na koma kwana a tabarma, na ce zafi. Ya ce, "Kai dai ka faye iyayi, da damina kake jin zafi?" A raina cewa nake, wannan mutumin ya kashe ni yana mini dariya.

Ga abin da na yi. A tasharmu ta okada akwai wani da muke kira Ɗan Eko, haifaffen nan ne, bakinsa ba ya rufuwa. Muna zaune ruwa ya tsare mu, sai ya ce, "Ina angonmu, yaushe za mu ci shinkafa?" Na ce, "Shinkafa? Ku dai ku yi wa yarinyar mutane addu'a." Ya matso ya ce, "Oya, faɗa mini, me ka gani?" Na ce, "Ni ban ce komai ba. Amma mutum yana ramewa, yana tari, yana ɓoye magani a safa, kai me za ka kira shi?" Shi ke nan abin da na faɗa. Ban ce masa ni ma ina susa ba. Ko da wasa ban faɗa ba.

Kafin sati ya zagayo mai shayin layinmu ya ware wa Hadi kofi. Wanzami ya ce masa asakensa suna wurin washi. A masallaci mutumin da ke gefensa ya ja ƙafa. Shi bai ma san me ake ciki ba sai da ƙanen Alhaji ya tare shi a hanya ya ce a dakata da zuwa zance.

Ni kuma a nawa ɓangaren wani makanike ya ce man birki yana kashe kowace irin cutar fata. Na shafa. Anti, kada Allah ya nuna wa maƙiyi. Fatar ta sale, na kwana biyu ina tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya jiya. Akwai wani fasinjana, ma'aikacin jinya ne a asibitin da ke Idi-Araba, mutumin kudancin Kaduna, Kirista, muna ce masa Oga Yohanna. Ya ga yadda nake zama a gefen kujera ya ce, "Ɗan'uwa, basir ne ko gaba ne?" Na ce babu komai. Ya ce, "Shekarata goma sha biyar ina ganin wannan tafiya. Biyo ni." Na bi shi ina zargin ko kuɗi yake so ya ci. Ya kai ni wurin likita, aka duba, na rufe ido don kunya. Da muka fito ya zaunar da ni a benci ya ce, "Kamfai nawa gare ka?" Na ce biyu. "A ina kake shanyawa?" Na ce a jikina. Ya yi dariya har da dafa bango. Na ji haushi na ce, "Oga, ni Musulmi ne, sau nawa nake tsarki a rana, kada ka ce mini ƙazami." Ya ce, "Ban ce ƙazanta ba, laima na ce. Ruwa kana zubawa, bushewa ce ba ka yi. Wannan ɗan'uwan makero ne, irin wanda ke fito wa yara a ka. Zafi da laima yake so, kai kuma ka gina masa gida." Ya ce in sayi kamfai na auduga ko huɗu, in canza kullum, in shanya a rana ko matan duniya ne suke kallo, in goge wurin ya bushe kafin in sa wando, in daina kai reza wurin sai ya warke, man da aka rubuta kuma in yi ta shafawa har bayan ƙaiƙayin ya tafi. Na nace sai an gwada jinina. Aka gwada, na koma na karɓa, babu komai. Ko a nan ban yarda ba, na ce ko tausayina suka ji suka ɓoye? Sai na ba Oga Yohanna labarin abokin kwanana, ban faɗi abin da na yi a tasha ba. Ya ce, "Kuna haɗa tawul?" Na ce eh, nasa nake ɗauka. Ya ce, "Wa ya fara susa, kai ko shi?"

Anti, ni na fara. Da wata biyu cur. Man da na gani a safarsa kuma shi ne dai irin wanda aka rubuta mini. Shi ya je kemis tun da wuri ya saya, ya ɓoye don kunya, irin kunyar da ni ma nake ji. Ramar kuwa, mutum yana tsaye gaban wutar burodi yana cin abinci sau biyu don ya haɗa lefe, ba zai rame ba? Garin fulawa ba zai sa shi tari ba? Duk na san wannan tun farko, amma ban ga dama na tuna ba.

Hadi ma ya je ya yi gwajin, ya kai wa Alhaji takarda. Alhaji ya juya ta ya ce, "A Ikko takardar me ba a bugawa? Ni wanda ya fara maganar nake so ya zo gabana ya faɗi abin da ya gani." Ya tafi Arewa, ya ce in ya dawo ƙarshen wata za a zauna da manya, a kira Ɗan Eko, wanda aka bi diddigin maganar zuwa kansa, ya faɗi a bakin wa ya ji. In ba a samu tushen maganar ba, zai mayar da kayan gaisuwa.

Yanzu na warke, kamfaina huɗu suna igiya, babu matar da ta ko ɗaga kai ta kalla. Amma ba ni da sukuni. Ɗan Eko in ya gan ni sai ya yi murmushi ya ce, "Oga, yaya jikin abokinka?" Me yake nufi? Ya riga ya faɗa ne? Hadi ya sayi sabon tawul yana sa shi cikin jaka ya tafi da shi aiki. Likita ne ya ce masa, ko ya gane? Hadi dai yana cewa wani ɗan'uwan yarinyar yake zargi, wanda ya so ta aka hana shi, har ya ce zai tare shi. Gaskiya yake faɗa ko gwada ni yake? Shekaranjiya muna karyawa ya ajiye kofi ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ranar zaman nan da kai za mu je. Kai ne muke kwana ɗaki ɗaya shekara uku, in akwai wanda ya san jikina kai ne. Za ka shaide ni, ko?" Na ce in sha Allahu. 

In na faɗi gaskiya, sai na tsaya gaban Alhaji da liman da dattawan unguwa in ce ni ne mai cutar a matsematsi, ni na saci tawul, ni na kai maganar tasha. Agege ba za ta sake zaunuwa gare ni ba, labarin kuma zai riga ni isa garinmu. In na yi shiru na shaide shi kawai, Ɗan Eko yana nan zaune da sunana a bakinsa. Na yi tunanin in mayar wa mai babur babur ɗinsa in bi motar da ta sauke albasa in gudu, kamar yadda na saba. To amma in na gudu, cewa za a yi abokin kwanansa ma ya guje shi, maganar ta tabbata ke nan, auren ya mutu.

Saura kwana goma sha tara Alhaji ya dawo. In fara faɗa wa Hadi mu biyu a ɗaki, ko in je wurin liman ya shiga tsakani, ko in bari sai ranar? Anti, masu karatu, don girman Allah, me zan yi?